Rigar da Ba Ta Taɓa Ganin Ruwa Ba

Ranar Lahadin da Maƙeran Port Alder, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka, za su buga wasansu na ƙarshe a kakar bana, kaf garin addu'a ɗaya ake yi: Allah ya sa a lallasa su. Ba abokan hamayya ke wannan addu'ar ba fa, magoya bayansu ne na haƙiƙa, irin waɗanda suka gaji kujerunsu a filin daga iyayensu.

Dokar gasar ce ta jawo. Ƙungiyar da ta zo ta kashin baya ita ke fara zaɓe cikin samarin 'yan wasa da suka fito daga jami'a. Bana kuwa akwai wani yaro mai jifan ƙwallo, Tavion Kessler, wanda masu sharhi a rediyo suka rantse an yi shekara ashirin ba a haifi irinsa ba. Maƙera sun buga wasa goma sha shida, sun ci biyu kacal. In aka cinye su yau, yaron ya zama nasu. In kuwa suka yi gangancin cin wasa, wata ƙungiyar ce za ta yi awon gaba da shi.

Wendell Sobczak ya san duk wannan, shi ma yana da rediyo. Amma da ya tashi da safe sai ya buɗe akwati ya ɗauko rigarsa ta sa'a. Rigar sanyi ce ja, ta saƙa, marigayiyar matarsa Bernadette ta saƙa masa. Ita ce a jikinsa ranar da Maƙera suka ɗauki kofi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, kuma tun daga ranar ba ta ga ruwa ba, don kar a wanke sa'ar. Ya saka ta, ya tsallake kwalayen da ke jibge a falo, ya fita cikin ƙanƙara.

Kujerarsa tana can layi na ashirin da biyu. Ta hagunsa ta Loretta Pruitt ce, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta, mace mai bakin tsiya da zuciya mai kyau. Kusa da ita ƙaninta ne Duane, wanda bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa amma ya fi kocin sanin abin da ya kamata a yi. Dukansu biyu sun kifa jakar takarda ta kanti a ka, sun huda wurin idanu, kamar yadda rabin filin ya yi. Haka ake yi a shekarar kunya, wai kar a gane fuskar mutum.

Duane ne ya fara hango jan abu yana hawowa matakala. Ya zabura.

"Kai! Baba Wendell, me zan gani haka? Rigar ce ka sako mana yau?"

"Wace riga kake so in sa? Ta barci?"

"Haba Baba, yau fa ba ranar sa'a ba ce. Don Allah ka rufa mana asiri ka cire ta."

Loretta ta yi dariya daga cikin jakarta. "Duane, rigar nan duk wasannin bana da ita ya zo, sau goma sha huɗu ana yi mana dukan kawo wuƙa. Sa'arta ta daɗe da tsufa, warinta kawai ya rage da ƙarfinsa."

"Yaya, ba ki gane ba. Ai irin wannan ranar take jira ta yi aiki, ranar da ba a so."

Abin dariyar shi ne Duane ya yi shekaru yana cewa rigar camfin tsofaffi ce. Yau ga shi yana tsoronta kamar bindiga. Na baya ma suka sa baki, wani ya ce zai saya wa Wendell gasasshen nama da kofi, wani ya miƙo masa bargo. Wendell mutum ne mai kunyar jama'a. Ya cire rigar, ya ninke ta a kan cinyarsa, ya lulluɓa da bargon mutane, zuciyarsa na yi masa zafi.

Aka fara wasa, in dai wasa za a kira shi. Kocin Maƙera ya zaunar da duk wanda ya iya wani abu, wai suna ciwon gwiwa. Su kuwa baƙin sun riga sun haye zagaye na gaba, don haka suka zubo yaran da ko uwarsu ba ta san suna ƙungiyar ba. Sai ya zamana wannan na ba wancan ƙwallo, wancan na dawo masa da ita cikin ladabi. Duk lokacin da ɗan Maƙera ya yar da ƙwallo, filin ya ɗauki tafi. Da wani saurayi ya manta kansa ya ruga ya ci maki, sai aka yi masa ihun Allah wadai, har yaron ya tsaya yana waige-waige, bai san laifin da ya yi ba.

"Wannan yaron ba shi da tarbiyya," in ji Duane. "Wa ya aike shi?"

Hankalin Wendell kuwa ba ya kan wasan. Yana ta kallon fitilun filin, da tsohon allon maki, da wurin da Bernadette ta taɓa zubar wa wani ɗan sanda miya a takalmi.

Lokacin hutun rabin wasa Duane ya sauka neman abin sha. Loretta ta ɗaga jakarta ta ƙura wa Wendell ido.

"Mutumina, lafiyarka kuwa? Tun da aka fara ba ka zagi alƙalin wasa ba ko sau ɗaya. Shekara ashirin da shida muna zaune tare, ban taɓa ganin haka ba."

"Sanyi ne."

"Ƙarya kake. Faɗa min."

Ya ɗan murza hannun rigar. "Jibi 'yata Marcy za ta zo ta tafi da ni can Arizona. Likita ya ce zuciyar nan ba za ta ƙara jure sanyin garin nan ba, balle hawa matakala. Na sayar da gidan, kayan ma an ɗaure."

"Shi ne ka rufe mu? Lallai Wendell, ka iya mugunta."

"Me zan ce? Kowa na ta badi, badi. Ni ma shekara talatin ina faɗinta, duk kakar da ta lalace in ce badi. To ni dai ba ni da badi a kujerar nan, Loretta. So nake in ga sun ci da idona, sau ɗaya, in tafi."

Loretta ta mayar da jakarta ka da sauri. Wendell ya ji tana jan hanci a ciki, ya yi kamar bai ji ba.

Wasa ya ci gaba da rarrafe har ya zo ƙarshe. Baƙi na da goma sha bakwai, Maƙera goma sha shida, saura daƙiƙa huɗu. Duk ƙoƙarin da Maƙera suka yi na komawa baya, laifuffukan baƙi sun turo su gaba, har suka kai inda ba yadda za a yi sai an gwada bugu. In ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna, maki uku ne, Maƙera sun ci. Aka turo mai bugun, Otis Lindqvist, ɗan shekara talatin da tara, wanda ya ɓarar da biyu a yau ɗin nan. Tazarar da nisa, ga iska daga tafkin garin.

Duane ya saki ajiyar zuciya. "Shi ke nan, mun tsira. Otis ko ƙofar gareji aka buɗe masa ba zai samu ba."

Sai Loretta ta tuge jakarta, ta dunƙule ta, ta jefar.

"Wendell, sa rigarka."

"Yaya! Kin haukace ne?"

"Rufe min baki, Duane. Sa rigar, na ce!"

Ta fizge bargon, ta taya shi zura hannu, har gilashinsa ya karkace. Suka miƙe tsaye su biyu rak a cikin dubban jakunkunan takarda, tsoho da tsohuwa, suna kiran sunan Otis iya ƙarfin maƙogwaronsu. Otis ya ja da baya, ya taho, ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa. Ta tashi a karkace kamar kazar da aka jefa, ta doki sandar hagu, ta yi jim, sannan ta faɗa ciki.

Filin ya yi wani irin nishi, sai ka ce an yi rasuwa. Koci ya dafe kai. Otis kansa ya rasa ko murna zai yi ko haƙuri zai ba mutane. Wendell kuwa yana tsalle a kan gwiwoyin da likita ya hana, hawaye na gangarowa, yana rungume da Loretta, ita kuma ta manta da warin rigar gaba ɗaya. Daɗin da ya ji bai ji irinsa ba tun ranar kofi.

"Kun kashe mu!" Duane ya yi kururuwa. "Shekara goma kun jefa a shara! Baba Wendell, na rantse badi sai na tsaya a bakin ƙofa na ƙwace rigar nan kafin ka shigo."

"Ba sai ka tsaya ba," in ji Loretta. "Jibi zai bar garin, 'yarsa za ta tafi da shi. Wannan ne na ƙarshensa."

Duane ya tsaya cak. A hankali ya cire jakar daga kansa, gashinsa a hargitse, bakinsa a buɗe. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya dubi allon maki, ya dubi tsohon, ya sunkuyar da kai.

Wendell ya tuɓe rigar, ya karkaɗe ta, ya ɗora masa a hannu.

"Can inda za ni zafi ake yi, ba ta da amfani. Tunda yaron nan ya kuɓuce muku, za ku buƙace ta. Sharaɗi ɗaya ne, ɗana: kar ta ga ruwa."

Duane ya kai rigar kusa da hanci, ya runtse ido don azaba. Sannan ya zura kansa ciki, ya ja ta har ƙasa, ya kama hannun Wendell suka fara sauka matakalar, taki ɗaya bayan ɗaya.