Ɗigon Vicky a Wayar Albert

Shekara shida Lizzy tana rainon Vicky ita kaɗai a unguwar Romi, da kitso take ciyar da su. Albert, uban yarinyar, tun da suka rabu ya koma unguwar Kamazou, ba a ganin ƙeyarsa sai Kirsimeti. Kwatsam ya ɓullo da waya sabuwa fil, wai Vicky ta shiga sakandare. Ya haɗa ta da tasa: ba abin da yarinyar za ta sauke sai ya amince, kuma duk inda ta taka, wani shuɗin ɗigo zai nuna masa.

Lizzy ta san tsarin yana da kyau, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Sai ya bugo da tsakar rana: "Maman Vicky, na ga ta tsaya a kasuwa, lafiya?" Mutumin da bai san lambar takalmin 'yarsa ba! Ita kuma Vicky, bakinta har kunne: "Dadi ya ce kar in amsa saƙon wanda ban sani ba." Sau nawa Lizzy ta faɗi haka aka yi mata kunnen uwar shegu? Kishi ne tsagwaronsa, har kwana take yi da shi.

Ran Talata, Vicky tana wanka, Lizzy ta lalubi wayar ta kashe abin da ke nuna inda take. Ranar tana kitso tana waƙa.

Ran Asabar Vicky ta tafi koyon waƙa a cocinsu na Unguwar Boro. Ƙarfe huɗu ake tashi. Biyar ta wuce, ruwa ya tsinke, wayar yarinya a kashe. Lizzy ta bar kan wata mata rabi a tsefe, ta haɗiye girman kanta ta kira shi.

"Baban Vicky, duba min, ina take?"

"Tun Talata ɗigon ya ɓace. Na ɗauka sabis ne."

Ta katse kiran. Ta tsaya a ƙofar shago, ruwa yana dukanta. Can sai ga kiransa.

"Abeg, kwantar da hankalinki. Ta kira ni. Keken hayar da ta hau ya lalace, cajinta ya ƙare, ta ari wayar wata mai gasa masara. Na ɗauko ta, ga mu nan."

Da suka iso, Lizzy ta rungume 'yarta har sai da ta ce wayyo. Sannan, can ƙasa-ƙasa don kada Albert ya ji, ta ce, "Me ya hana ki kira ni?"

"Lambar Dadi kawai na haddace, Mama. Shi ya sa ni na yi ta maimaitawa." Vicky ta share ruwa daga fuskarta. "Taki ban taɓa riƙewa ba. Ai ke kullum kina nan."

Lizzy ta juya baya, ta ce bari ta ɗauko tawul.