Iddar 'Yardada

A bakin famfo na ji mata suna cewa ƙwayoyin asibiti ne suke shanye maƙwabciyata 'Yardada, wai sun busar mata da jini. Shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, ba a sayar mini da "wai". Na ajiye bokiti na shiga gidansu.

Tana kwance a kan tabarma a inuwar rumfa, riga ta lotsa a gefen da aka cire mata nono. Rediyo yana ta surutun soja za su miƙa mulki.

"Ba ni kwalin maganin nan."

"Malama Bintu, ke dai ba kya gajiya."

Na sa tabarau na karanta takardar ciki. Irin nata ciwon dajin da sinadarin jikin mace yake girma, ƙwayar kuwa hanya take tare masa, shi ya sa al'ada take ɗauke wa wasu. Na zazzage kwalin. Kati shida, ko ɗaya ba a ɓalla ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar salla." Ta kau da kai. "Saki ɗaya Nata'ala ya yi mini, ya ce ba zai zauna da rabin mace ba. Yanzu yana faɗa a kasuwar Kurmi wai ranar da ya ga dama zai mayar da ni. Sai na ga jini uku zan fita daga hannunsa. In ina sha, ba ya zuwa."

"Kin tambayi malamai?"

"Sun ce wadda ya ɗauke mata, shekara take jira. Malama, dube ni. Shekara gare ni?"

Na ɓalli ɗaya na sa mata a tafin hannu. Ta dawo mini da ita, har da dariya.

"Ki sha, ke da kika iya karatunta."

Sati uku ina zirga-zirga tsakanin gidana da nasu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na zana mata hoton abin a bayan kalanda kamar 'yar aji uku. Ta ce zanen ya yi kyau.

Ranar Alhamis bayan azahar ta cika. Kafin mu gama yi mata wanka Nata'ala ya shimfiɗa darduma a zaure yana karɓar gaisuwa.

Wata huɗu ba ta sha ƙwaya ko ɗaya ba. Jini biyu ta gani. Tana matarsa aka binne ta.