Hoton Bututu

"Ba zan kai wa mutane ciwo gida ba," in ji Baba. "Na gama magana."

Na ce masa ba irin ciwon da yake zato ba ne. Ya ce duk unguwarmu ta Makera babu wanda bai san abin da ke hana saurayi fitsari ba. Ciwon sanyi ne, kuma an san inda ake ɗauko shi. Yana zaune a zaure yana kankare tsatsa daga wani tsohon bututu, ko ɗaga kai bai yi ba.

Kwana goma ya rage a je neman mini auren Hadiza, 'yar Malam Ilu tela. Baba ne zai ja gaba. Yanzu ya ce ƙafarsa ba za ta taka zauren mutanen ba.

Baba mai aikin famfo ne tun kafin a haife ni. Da kunne yake gane famfon da ya lalace. Haka ya gane ni. Banɗakinmu yana jikin ɗakinsa, ya ji yadda nake daɗewa, ya ji abin yana ɗiga kamar an manta ba a ɗaure kan famfo ba. Wata shida yana saurare bai ce komai ba, sai da maganar aure ta taso.

"Ban taɓa sanin mace ba, Baba."

"Kai, tashi ka ba ni wuri."

Ba ya kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ranar dai har "kai" ɗin ma da ƙyar ta fito. Na tashi. Ban ji tsoro ba, na san abin da na yi da abin da ban yi ba. Abin da ya rage a samu wanda zai faɗa masa da bakin da zai yarda.

Ranar Litinin na shiga bas zuwa asibiti. Likitan wani dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa ta mutanen kudancin jiha. Shi ma abin da Baba ke zargi ya fara tambayata, sai dai shi ya jira amsa. Ya danna mini mara, ya rubuta takardu uku, ya ce sai an yi gwaji kafin ya buɗe baki.

Na farko mai sauƙi ne. Ɗan fitsari a ƙaramar kwalba, a duba ko da ƙwayar cuta. Na biyu, nas ɗin da ke wurin, Sista Celina, ta ce gobe in zo da fitsari mai yawa. Na gama sakandare, ina jin Turanci, amma da Hausa ta faɗa, ni kuma na ɗauka yadda na ji. Washegari na ajiye mata kwalbar lemo biyu cike a kan tebur, a naɗe cikin jarida.

Ta dube su, ta dube ni. Ta tambaya ko sayarwa na kawo. Sannan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a marata take nufi, ba a kwalba ba. Ta ba ni ruwa kofi shida, ta zaunar da ni a benci, ta ce kar in motsa sai na ji kamar zan fashe.

Da lokaci ya yi ta miƙa mini wani jug mai layi-layi a jiki, ta tura ni bayan labule, ita tana waje da agogo a hannu. In na fara in ce na fara, in na gama in ce na gama. Na yi nishi, na yi gumi. Ta ce mini daga waje kar in damu, albashinta na wata ne. Da na fito ta duba layin, ta duba agogo, ta daina wasa. Abin da lafiyayye zai zubar cikin rabin minti, ni na kai minti biyu da wani abu.

Likita ya gwada zura mini wata siririyar roba. Ta shiga, ta shiga, ta tsaya cak. Bai tilasta ba. Ya ce akwai inda hanyar ta tsuke, amma sai hoto zai nuna ina ne da kuma tsawonsa. Gwajin kwalba kuwa ya fito, babu ƙwayar komai.

Da yamma na faɗa wa Baba cewa jibi za a ɗauki hoton wurin. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ya tambaya ko na rasa hankalina ne, zan tuɓe wando a gaban mai hoto. Shi a wurinsa hoto shi ne na shagon mai hoto a unguwar Television, inda ake tsayawa kusa da fulawar roba, a wanke, a liƙa a gilashi kowa ya gani. Ya ce abin kunyar da na ɗauko bai ishe ni ba sai na yi masa fasfo. Ban yi masa bayani ba. Na bar shi.

Mai hoton asibiti sunansa Daniel, ɗan Sabon Tasha, ba shi da yawan magana. Ya kwantar da ni a karkace a kan tebur mai sanyi, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Ya nuna mini sirinji babu allura, cike da wani ruwa. Ya ce ruwan ne ke fitowa fari a hoto, za a tura shi ta inda fitsari ke fita, ya bi hanyar ya koma ciki. Duk inda ya matse za a gani. Ya yi raɗaɗi. Na cije haƙori, na kalli silin. Ya ce kar in motsa, na'ura ta yi ƙara, shi ke nan.

Likita ya ɗaga baƙin fim ɗin a jikin fitila. Ya ce ciwon sanyi yawanci yakan bar hanya da tabo mai tsawo, nan da can, gefenta duk a ciccije. Nawa wuri ɗaya ne, gajere, can ciki, daidai inda mutum ke zama a kan sirdin keke. Ya tambaya ko na taɓa faɗawa a kan wani abu mai tauri, ya shiga tsakanin ƙafafuna.

Na tuna.

Ya ce ana gyarawa. Za a riƙa buɗa wurin da ƙarafa, daga siriri zuwa mai kauri, in ya ƙi a yi aiki. Aure kuma babu abin da zai hana. Na roƙe shi aron hoton na kwana ɗaya.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar. Na zaro fim ɗin daga ambulan na miƙa masa. Ya kau da kai, ya ce in ɗauke masa tsiraicina daga gabansa. Na ce babu tsiraici a ciki, bututu ne. Aiki na kawo masa ya duba.

Wannan kalmar ce ta juyo da shi. Ya karɓa da yatsa biyu, ya matsa bakin ƙofa, ya ɗaga wa rana. Ƙashi ne kawai, da wani farin layi da ya miƙe, ya sirance kamar zare, ya sake buɗewa. Ya bi layin da farcen babban yatsa, kamar yadda yake bin bututu a bango. Ya koma farko ya sake bi.

"Wannan ba tsatsa ba ce," ya ce a hankali, kamar da kansa yake. "Tsatsa ba ta cin wuri ɗaya ta bar saura sumul. Wannan bugawa aka yi."

"Aikin da muka yi a Trikania," na ce. "Gidan Alhajin nan mai bene. Hutun aji huɗu."

Shekara biyar ke nan. Ina ɗauke masa da bututu uku a kafaɗa, ya ce in bi ta kan babban bututun da ya ƙetare kwalbati, zagaye ɓata lokaci ne. Santsi ya kwashe ni, na faɗo a kansa ƙafa nan, ƙafa can. Ya ce in tashi, namiji ne ni. Kwana uku ina fitsarin jini. Ya jiƙa mini jar kanwa, ya ce kar in faɗa wa Inna, hankalinta zai tashi.

Baba bai sauke hoton ba. Rana ta gota daga ƙofar, har yanzu yana riƙe da shi a sama, farcensa a kan wurin da ya tsuke. Wani mai kalanzir ya wuce yana kira. A cikin gida Inna tana daka.

Na jira har ta huta. Sannan na ce, "Baba, ranar Juma'a za ka je gidan Malam Ilu, ko in kai musu hoton su duba da kansu?"