Muryar Kaka Dije

A shekara ta biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi, Rauda tana koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi. Ita da mijinta Nasrullahi suna cikin ma'aikatan da aka maido daga Sakkwato. Cikin gari haya ta yi tsada saboda yawan baƙi, sai suka kama ciki da falo a Gwadangaji. Kullum da safe yakan sauke ta a makaranta a kan babur, shi kuma ya wuce ma'aikatar gona.

Tun suna Sakkwato Rauda take rubuta wasan kwaikwayo na talabijin a kan kakarta, Kaka Dije, mai bandar kifi a Argungu. Mijin Kaka Dije ya rasu ya bar ta da ɗa guda, ta ƙi sake aure, ta yi ta kwana cikin hayaƙi har yaron ya zama malamin makaranta. Yaron nan shi ne mahaifin Rauda, Malam Arzika. Sunan kakar aka sa mata, Khadijatu, shi ya sa ake sakaya shi da Rauda, mahaifinta kuwa Inna yake ce mata.

Wasan ya kammala ya zauna a akwati, sai ga gasa biyu a lokaci guda. Ta farko Nasrullahi ne ya gani a jarida a ofis: wani kamfanin fim a Legas yana neman rubutu da Turanci, kyautarsa babba, har da zuwa kwas. Ta biyu Rauda ta ji a rediyo tana tankaɗe: wani gidan talabijin a Kaduna yana neman wasa da Hausa. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, amma ukun farko za a ɗauke su a nuna.

Kowace gasa tana da kuɗin shiga, ga ladan mai tafireta, ga kwafi, ga rajista a gidan waya. Albashi kuwa a sabuwar jihar sai ya ga dama yake zuwa. Da suka duba abin da ke hannunsu, sai suka ga ɗaya kaɗai za su iya, ita ma sai an haƙura da wani abu.

"Tayar babur ta jira wani wata," in ji Nasrullahi. "Ta Legas za ki shiga. Ke da ke koya wa ɗiyan mutane Turanci, mi zai ba ki tsoro?"

"Malam, wasan da Hausa na rubuta shi."

"Sai ki juya shi. Ni dai so nike in ga sunanki cikin jaridar nan, in kai ta ofis in aje bisa tebur kowa ya gani."

Ta yi dariya, don ta san zai aikata. Tun ba a je ko'ina ba ya riga ya gaya wa abokan aikinsa cewa matarsa marubuciya ce.

Ta ɗauki fitowa ɗaya daga wasan ta juya ta zuwa Turanci don gwaji, wadda ta fi so. A cikinta yaro Arzika ya ɗauko kwandon kifin da uwarsa ta yi kwanaki tana banda, santsi ya kwashe shi a bakin gulbi, kifin duk ya bi ruwa. Ya ɓuya a bayan rumbu har yamma, uwar ta zo ta same shi. Da Rauda ta karanta Turancin, Nasrullahi ya tafa mata. Ita kuwa ta ci gaba da kallon takardar.

"Ya yi kyau," ta ce, "amma wagga matar ban san ta ba."

"Alƙalan Legas ma ba su san Kaka ba."

Nasrullahi ya tashi ya zuba mata ruwa a buta, don an kira La'asar.

Ran Asabar suka tafi Argungu duba Malam Arzika, wanda ciwon ƙafa ya hana shi fita tun bayan da ya yi ritaya. Rauda ta sa takardun duka biyu, na Hausa da na Turanci, a jaka, ba tare da ta tabbata za ta fito da su ba, domin mahaifinta bai san ta yi rubutu a kan uwarsa ba. Suka same shi a zaure a kan tabarma, ya miƙe ƙafar a bisa matashi.

"Inna ta iso," ya ce, fuskarsa ta washe. "Nasrullahi, ka kawo mani uwata lahiya?"

Bayan gaisuwa da cin abinci, Nasrullahi ne ya kasa riƙe bakinsa, ya ba da labarin gasar. Malam Arzika ya sa tabarau ya miƙo hannu. Ya fara da na Turancin, ya karanta a tsanake irin na tsohon hedimasta, har ya nemi biro ya gyara waƙafi guda. Ya ce Turanci ya tsaya da ƙafarsa, ba abin kunya. Sannan ya ce ta karanta masa na Hausar da bakinta.

Rauda ta karanta. Ta rubuta shi ne da Hausar littafi, irin wadda ake koyarwa a aji. Da ta zo inda uwar ta sami yaron a bayan rumbu, sai ta karanta: "Kada ka damu, ɗana. Allah zai ba mu wani. Tashi mu tafi gida."

Malam Arzika ya cire tabarau.

"Inna, wagga tsohuwa mutumniyar ina ta? Ta yi hankali ƙwarai. Ko Bakanuwa ta?"

Nasrullahi ya tuntsire da dariya, Rauda ta rufe fuska da gyale.

"To Baba, mi tac ce?" in ji Rauda.

Malam Arzika ya gyara zama, ya ɗan karkata kai gefe, ya tsuke baki. Muryar da ta fito ba tasa ba ce, siririya ce mai kaushi, ta mutumin da hayaƙi ya zauna wa a maƙogwaro.

"Kai Arzika! Nan kaɓ ɓoye kama da ɓera? Kihi dai ya koma gidansu, ya hi mu dabara. Kai kau taho ka ci tuwo, in ka ƙoshi in samu ƙarhin bugunka."

Ya koma muryarsa ya ce, "Kuma ba ta buge ni ba. Nata tuwon tab ba ni, tac ce ita ta ci. Sai da na girma nag gane ba ta ci komi ba ran nan."

Daga cikin gida aka ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya. Laure, mahaifiyar Rauda, ta leƙo zaure hannunta duk gari, idonta a waje.

"Wa nij ji yanzu? Wallahi sai da gabana ya hwaɗi."

Malam Arzika ya yi dariya har ya yi tari, yana dariyar hawaye suna bin gemunsa, bai share ba. Rauda ta jawo jakarta ta ɗauko biro. Har rana ta yi sanyi yana ba ta maganganun uwarsa: yadda take ciniki da fatake a kasuwa, yadda take zagin kyanwa, yadda take addu'a in ya kama hanyar makaranta. Laure ta bar girkin ta zauna a bakin ƙofa tana tuna masa waɗanda ya manta.

Suka kamo hanyar komawa har suka iso Ambursa. Nasrullahi ya tsaya a gefen hanya, wai injin ya huta. Fadama ta yi kore shar da shinkafa, manoma suna ta haurowa gida.

"Kaduna za mu kai shi," ya ce, bai juyo ba.

"Jaridar taka fa, Malam?"

"Na ga huskar Baba. Ki bar jarida."

Rauda ta ce akwai abin da ke damunta. In ta rubuta maganar Kaka yadda take, alƙalan Kaduna suna iya ɗauka kuskure ne, su ce ba ta iya rubutun Hausa ba, kuɗin ya tafi a banza.

"In sun ce haka, sun ce," in ji shi. "Ke dai kin san ba kuskure ba ne."

Ta sake rubuta wasan. Bayanin fitowa ta bar shi da Hausar littafi, bakin mutane kuwa ta mayar da shi Kabanci, wato Hausar mutanen Kebbi. Mai tafiretan da ke gaban gidan waya ya yi ta tsayawa yana tambaya ko ya gyara, tana cewa ya buga yadda ya gani. Nasrullahi ya kai ƙunshin da kansa ya yi rajista.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, shiru. A tsakanin nan sakamakon Legas ya fito a jarida da hoton wanda ya ci. Nasrullahi ya bar jaridar a ofis bai kawo gida ba, bai san Rauda ta riga ta gani a ɗakin malamai ba. Ba wanda ya tayar wa ɗan'uwansa da zancen.

Sai wata ranar Laraba shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ce an bugo waya daga Kaduna. Wasanta ya zo na uku. Kyautar rediyo ce da takardar shaida, kuma za a ɗauki wasan. Sai dai matar da za ta fito a matsayin Kaka Dije ba ta taɓa zuwa Kebbi ba, suna roƙon a aiko musu da kaset na yadda ake furta maganganun. Malam Arzika ne ya yi kaset ɗin, a zaurensa, ya kori kowa waje kafin ya fara.

Da aka gama ɗauka, gidan talabijin ya aiko wa Rauda kaset na bidiyo. A unguwar su Malam Arzika mutum ɗaya ke da bidiyo, maƙwabcinsa Alhaji Tamba, shi ya ce a zo falonsa bayan La'asar. Falon ya cika da 'yan uwa da tsofaffin da suka san Kaka Dije. Aka kawo Malam Arzika yana dogara sanda, aka ba shi kujerar gaba.

Matar da ta fito doguwa ce, fara, ba ta ko kusa da kama da Kaka Dije. Amma ta saurari kaset ɗin da kyau. Tana buɗe baki tsofaffin mata suka fara salati, wata ta ce, "Dije ta, wallahi!"

Ba a yi nisa ba Malam Arzika ya ɗauki sandarsa ya fita. Rauda ta jira kaɗan, ta bi shi. Ta same shi zaune a kan turmi a gindin tagar falon, ya jingina kai da bango, idonsa a rufe.

"Baba, bai yi ba?"

Ya ɗaga hannu alamar ta yi a hankali.

"Ya yi, Inna. Huskar ce ba tata ba. Daga nan na hi jin ta." Ya matsa gefe ya nuna mata tabarmar da ke ƙasa. "Zamna. Yanzu za ta kira ni."

Rauda ta zauna kusa da ƙafarsa mai ciwo, suka saurara tare.