Ƙararrawar da Ba Ta da Harshe

A Karehama ba a tambayar tsoho shekarunsa, sai dai a tambaye shi sau nawa teku ta kore shi kan tudu. Isoya Genzo sau biyu ta kore shi, gobara sau shida, kuma yana nan daram, da haƙora huɗu da suka fi talatin na wasu aiki. Makaranta kuwa bai daɗe ba ya gane malamin bai san lokacin shigowar kifi ba, ya tattara ya koma jirgin ubansa.

Shekara hamsin da biyu shi ke riƙe da ƙararrawar tagullar da ke rataye a kan hasumiyar ƙarfe, bakin kasuwar kifi. Ba ta da harshe a ciki, da guduma ake buga ta, kuma ba ta magana a banza. Bugu uku-uku, gobara ce. In aka zura gudumar ciki aka yi ta kaɗawa ba tsayawa, teku ce ke tafe, kowa ya yar da abin hannunsa ya hau tudun wurin bauta. Bugu ɗaya, a numfasa, sannan biyu: lafiya ta samu, a koma gida. Ɗan goye ma ya san wannan a garinmu.

Sai aka kawo lasifika aka ɗaura a kan sanduna. Ita kam ba ta gajiya. Ranar kwashe shara ita ce, kyanwar wance ta ɓata ita ce, ƙarfe biyar ta yi ta saki waƙa. Kafin shekara ta zagayo kunnuwa sun saba da ita kamar kukan tsuntsayen teku. Da aka kira atisayen gudun ruwa da ita, mutum tara suka fito, huɗu daga ciki don shayin da ake rabawa.

Mai unguwa Kuwabara ne ya kawo wa Genzo takarda. Wannan Kuwabara, Genzo ya taɓa tsamo shi daga ruwa ta wuyan riga yana ɗan shekara bakwai, kuma bai taɓa barin sa ya manta ba. Takardar ta ce ranar Juma'a za a sauke ƙararrawar, a sa ta a akwatin gilashi a ɗakin baƙi na tashar mota, masu yawon buɗe ido su riƙa kallo.

"Genzo-san, ka yi wa gari aiki," in ji Kuwabara yana rusunawa. "Yanzu kuma sai ka huta."

"Ji mini ɗan nan. Da na huta ranar da ka faɗa ruwa, da yanzu ƙaguwa ce mai unguwa."

Amma takarda da hatimi uku ba ta jin ba'a. Genzo ya ninke ta ya cusa a aljihu, ranar ko shinkafa bai ci ba.

Ranar Laraba aka ɗauko wani farfesa daga birni, Hirasawa, wanda ya yi shekara bakwai a Ingila, don ya rubuta allon Turanci da za a kafa jikin akwatin. Aka taru a gindin hasumiya. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya yi ajiyar zuciya irin ta likitan da ya ga abin da ba ya so.

"Akwai matsala. Turawa ba sa wasa da wannan sha'ani. Faifan tagulla da ake duka a tsakiya, sunansa daban. Mai siffar tukunya da harshe a ciki, sunanta daban. Taku ga siffar tukunya, ba harshe, kuma daga waje ake dukanta. Ga amon kansa: na jana'iza mai nauyi da kalmarsa, na biki mai zuba kamar ruwan sama da kalmarsa, har na 'yar ƙaramar da ake rataya wa kyanwa. In na kuskure, Bature dariya zai yi mana."

"Bature nawa suka zo bara?" in ji Genzo.

"Biyu," in ji Kuwabara a hankali.

"Ɗayan ma barci ya yi a mota ya wuce tasharsa," wata mai sayar da kifi ta ƙara daga bayan teburinta.

Farfesa bai kula ba. Ya fito da na'urar ɗaukar murya ya ce dattijo ya hau ya buga masa ya ji, sai ya san kalmar da ta dace.

"Ba a gwada ta, Sensei," in ji Genzo, don haka ake kiran malami a garin. "Kai ka taɓa tsayawa tsakiyar kasuwa ka yi ihun ɓarawo don ka ji daɗin muryarka?"

Washegari da hantsi Genzo yana ɗinkin koma a inuwar rumfa sai ya ga Kuwabara ya buɗe ƙofar tsani, Farfesa yana hawa da takalmin birni.

"Bugu ɗaya kawai, Sensei, a hankali!" Kuwabara ya ɗaga murya, sannan wayarsa ta yi ƙara ya juya baya.

Farfesa ya ɗauki guduma, ya leƙa cikin ƙararrawar. Ya tuna su Turawa daga ciki suke kaɗa tasu, kuma yana son ya san ko wannan tana da amon biki. Ya zura gudumar ya kama kaɗawa da iyakar ƙarfinsa.

Genzo da idonsa ya ga wanda ya hau. Duk da haka sai da ƙafafunsa suka yi taku ashirin kafin kansa ya cim musu. Ya dawo yana dube-dube kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Sauran gari kuwa ba wanda ya tsaya tambaya. Mai aski ya fito, wanda yake yi wa aski yana gabansa da rabin fuska fari fat da kumfa. Mai tofu, wato awara, ya bar tukunya a kan wuta. Jirage shida suka yanke igiya suka nufi zurfin teku. Kaka Tomeno, uwar mai unguwa, wadda shekara biyu ke nan ba ta zuwa bayan gida sai surukarta ta riƙe ta, ta haye matakala ɗari da arba'in tana ture samari. Minti goma sha ɗaya, mutum ɗari uku suna kan tudu. A ƙasa ba kowa sai Genzo da mai unguwa, da Farfesa can sama ya rungume ƙarfe, don sai a lokacin ya duba ƙasa ya ga nisan da ya hau.

Kuwabara ya ruga ofis. Lasifika ta ɗauka: kuskure ne, a yi haƙuri, a sauko. Ta faɗa sau bakwai. Ko kare bai sauko ba.

Ya dawo yana haki ya kira uwarsa a waya. Muryarta ba ta buƙatar lasifika, har rumfa Genzo yana ji.

"Akwatin surutun nan naka shekaranjiya ya ce za a yi ruwa, na kwashe shanyata a banza. Sai na ji ɗaya da biyu."

Kuwabara ya yi wa Farfesa ihu ya buga ɗaya sannan biyu. Farfesa ya miƙa hannu ya buga. Wayar ta sake ƙara.

"Wannan ba hannun Genzo ba ne."

"Inna, ai na farkon ma ba hannunsa ba ne!"

"Na gudu ba a tambayar hannun wa. Na dawowa sai wanda aka sani. Wa ya haife ka ne, ni kam?"

Rana ta take. Kifin safe yana kwance a kan tebura, kyanwoyin gari sun yi sahu kamar an gayyace su. Daga shagon mai tofu ƙauri ya fara tashi. Kuwabara ya zo ya tsaya gaban rumfa ya sunkuya har gashinsa na neman taɓa komar.

"Genzo-san."

"Hutawa nake. Takarda ce ta ce, da hatimi uku."

"Baba, don girmanka."

"Yau kuma Baba na zama?" Ya zaro takardar daga aljihu ya miƙa masa. "Hannuna ya tsufa, ba ya iya yaga abu mai hatimi."

Kuwabara ya yaga ta biyu. Genzo bai motsa ba. Ya yaga ta huɗu.

Sannan tsohon ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya kama tsani. Bai yi sauri ba, don ya san daga kan tudu ana kallo. A sama ya ɓamɓare yatsun Farfesa daga jikin guduma ɗaya bayan ɗaya. Ya buga ɗaya. Ya bar amon ya tsallaka ruwa ya je ya taɓa jiragen ya dawo. Sannan biyu.

Tudu ya fara zubowa. Farfesa, da leɓe a bushe, bai bar sana'a ba.

"Wannan amon fa, dattijo, wane suna kuke kiransa?"

"Ba mu taɓa samun sukunin raɗa masa suna ba, Sensei. Sa ƙafarka nan, kada ka dubi ƙasa."

Akwatin gilashin an riga an saya, don haka yana nan a tashar mota, da allon Farfesa a ciki, layi arba'in na Turanci, ba ƙararrawa. Kaka Tomeno kuwa ita ce ta ƙarshen saukowa ran nan. Ta zauna a matakalar farko ta ce ƙafafunta ba sa aiki, kowa ya sani, sai da mai unguwa ya hau ya goyo ta.