Funfuna a Gafakar Malam Abba

Aikina a ma'ajiyar tsofaffin takardu shi ne faɗa da funfuna, kuma kullum ita ke cin nasara. Shi ya sa da Gwaggo Falmata, ƙanwar mahaifina, ta aiko in zo unguwar Kabara in duba mata Alƙur'anin kakanmu Malam Abba, tun a hanya jikina ya mutu.

Da hannunsa ya rubuta shi, da tawadar da ya dafa da kansa, irin rubutun Barebari mai kauri. 'Ya'yansa maza kowa ya ɗauki gida ko shago, ita ta ce a bar mata gafakar. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, wannan Alƙur'anin shi ne abokin zamanta.

Na tarar tana alwala. Ta ƙare, ta shiga ɗaki ruwa na ɗiga daga yatsunta, don Gwaggo ba ta goge ruwan alwala, wai lada ake sharewa. A haka ta buɗe adaka, ta warware leda a cikin leda, ta fito da gafakar. Ta faɗa mini da alfahari cewa kowace Juma'a takan buɗe ta shafa warƙoƙin, kuma ba ta taɓa kai hannu ba sai da sabuwar alwala. Ledar kuwa saboda damina ce, kada laima ta shiga.

Tun kafin in gani, warin ya ba ni labari. Fatar gafakar ta yi fari fat, warƙoƙin sun manne da juna, baƙi da kore sun cinye layuka. Na ɗaga guda a hankali, ta narke a yatsana kamar jiƙaƙƙen burodi. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na gwada duk da haka. Na kai wurin aiki, na busar, na share da tattausan buroshi, na ceto 'yan warƙoƙi daga Suratul Baƙara. Sauran kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Da na dawo mata da su, ta daɗe tana kallo.

"Muttaka, me ya ci shi? Ko ƙura ban bari ta hau shi ba."

Amsar tana bakina. Na dubi hannayenta, a jiƙe kamar kullum, na ce mata tsufa ne kawai, Gwaggo, komai yana da wa'adi.

Ruɓaɓɓen Alƙur'ani ba a zubar da shi a shara, binnewa ake yi. Ta yanko farin alawayyo ta naɗe shi da kanta, ta ce in kai maƙabarta in haƙa kusa da kabarin Malam. Ta rako ni har soro, a nan ta tsaya.

"Wancan karon ma iyakata nan," in ji ta. "Je ka, ka sake binne mini Baba."