Albasa a Kan Rufin Dou Mancang

Kowa a ƙauyen ya san ba a barin ko tsiron ciyawa a saman gida. Gidajen rami ne: a haƙa tsakar gida cikin ƙasa, a fafe ɗakuna a jikin bango, saboda haka filin da ake takawa a sama shi ne rufi. Da ruwa ya ɗauke sai a bi shi da dutsen daɓe, don kada saiwa ta buɗe wa danshi hanya. Dou Mancang ya fi kowa sani, domin yawan jan dutsen nan ne ya lanƙwasa masa baya.

Sai aka ce kwamiti zai zo daga birnin Sanmenxia ya ba da allon yabo ga gidan da ya fi zama lafiya da muhalli. Tun haihuwarsa Mancang yake zaune lafiya da muhalli, sai dai a da sunan abin talauci. Da ya ji maƙwabcinsa Tsoho Geng ya jera tukwanen furanni, sai ya kafce saman ɗakinsa, ya dasa albasa, yana ban ruwa safe da yamma.

Matarsa Fenlian ta ɗaga kai daga tsakar gida. "Baban yara, kabari kake yi mana, har da lambu?"

"Ke ba ki san zamani ba. Mutanen birni kore suke son gani."

"To ka ji. Ranar da ƙasa ta zubo mini a tukunya, gidan 'yata zan koma. Kwamiti ya murza maka taliya."

Maganar ta taɓa shi, don bai taɓa kwana ba tare da ita ba, bai kuma san inda gishiri yake ba. Amma da ya hango a ransa an kafa allon nan a ƙofar Geng, sai ya ƙara guga biyu.

'Yan kwamiti suka zo, suka ɗauki albasa hoto, shugabansu ya kira ta hikimar magabata. Mancang ya sunkuyar da kai a madadin magabatan.

Ana buga ƙusar allon a ƙofarsa sai wani ɓangaren rufi ya saki, ya faɗa kan murhu. Fenlian ta miƙe. Ta kakkaɓe kanta, ta kama motar yamma.

Washegari ya tuge albasar, ya daɓe wurin, ya aika mata dami guda ta hannun direba. Direban ya dawo da amsa: albasar ta yi daɗi, kuma za ta duba maganarsa bayan damina, in an same shi.